Gidan Arewa Ba Wurin Makoki Ba Ne

Gidan Arewa da ke Titin Rabah a Kaduna shi ne gidan da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna a ciki yana Firimiyan Jihar Arewa. A nan sojojin da Manjo Chukwuma Nzeogwu ya jagoranta suka kashe shi da asubahin 15 ga Janairun 1966, tare da uwargidansa Hafsatu. Daga baya aka mayar da wurin cibiyar nazarin tarihi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ya zama daraktanta na farko.

Yawancin masu ziyara suna shiga ne da magana ɗaya a baki: an yi mutum, ba za a sake yin irinsa ba. Su kalli hotuna da kayan marigayin, su yi tagumi, su ɗauki hoto, su fita. 'Yan siyasa kuwa sun mayar da zauren gidan wurin aron rigar Gamji, wato Sardauna, duk lokacin da zaɓe ya gabato. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cutar da Arewa.

Sardauna bai yi aikinsa da karama ba. Da majalisa da kasafin kuɗi da ma'aikatan da aka horar ya yi shi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa da kuma jami'ar Zariya a 1962. Manufar cika aikin gwamnati da 'yan Arewa ita ta tura samari karatu gida da waje. Duk waɗannan shawarwari ne da aka tsara, aka yi musu lissafi, aka rubuta. Wanda ya ce ba za a iya maimaita su ba, uzuri kawai yake nema wa masu mulkin yau, alhali masaƙun unguwar Kakuri da ke Kaduna sun daɗe a rufe.

Akwai kuma abin da makokin ke binnewa. A zamanin nan ne 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka sha ɗauri a kotunan En'e, ƙasar Tibi kuma ta yi bore a 1960 da 1964. Ambaton wannan ba cin mutuncin mamaci ba ne. Shugaban da aka ɗauke daga sahun mutane aka kai shi sahun waliyyai, babu mai iya koyon komai daga nasararsa, balle daga kurensa.

Dukiyar gidan tana ɗakin karatu da ma'ajiyar takardunsa, inda ake adana rubuce-rubucen Larabci da na ajami da takardun gwamnatin Arewa. Can ya kamata malaman makaranta su kai ɗalibansu, kuma can ya kamata gwamnonin Arewa su zuba kuɗin gyara da ɗaukar takardun a kwamfuta kafin gara da danshi su cinye su.