Matan Rumawa: Dukiya A Hannu, Ƙofar Majalisa A Rufe



Yau zancen namu zai yi nisan kiwo, don za mu koma baya ne shekara wajen dubu biyu, zuwa birnin Roma na ƙasar Italiya, mu duba yadda matan Rumawa suka rayu. Akwai magana iri biyu da ake yawan yi a kansu. Wasu su ce ai matan Rumawa 'yantattu ne, tun can Turawa suka waye. Wasu kuma su ce ina, mace a wurinsu ba ta wuce kayan ɗaki ba. Ni a nawa ganin duka biyun sun yi gaggawa. Abin da ya ɗaga wata mace ya bar wata a ƙasa a Rum shi ne dukiya, da kuma wanda doka ta ce shi ke da ita. Amma ko wadda ta fi kowa kuɗi, akwai ƙofar da kuɗinta bai taɓa buɗe mata ba.

Bari mu fara da suna. A zamanin jamhuriyar Rum, namiji ɗan babban gida yakan ɗauki suna uku, ita kuwa mace sunan zuri'ar ubanta kawai ake juyawa a ba ta. Duk 'yar gidan Juliyus sunanta Juliya, duk 'yar gidan Korneliyus sunanta Korneliya. In su biyu ne sai a ce Babba da Ƙarama, kamar 'ya'yan Markus Antoniyus, Antoniya Babba da Antoniya Ƙarama. In sun fi haka sai a shiga lissafi, ta uku, ta huɗu. Kun ga tun daga ranar suna an nuna mata cewa ita reshe ce a jikin ubanta.

Uban nan kuwa ikonsa ba ƙarami ba ne. Muddin yana da rai, 'ya'yansa maza da mata ba su da dukiyar kansu a idon doka, kuma da yardarsa ake aure. Doka ta yarda a aurar da yarinya daga shekara 12. A zamanin farko, in an ɗaura aure mace takan fita daga hannun uba ta faɗa hannun miji, ita da duk abin da ta mallaka. To amma kafin ƙarshen jamhuriya irin wannan aure ya yi ƙaranci. Wanda ya yaɗu shi ne wanda mace ke zaune a gidan miji alhali a doka tana nan ƙarƙashin ubanta.

A nan ne lissafi ya juya. Ranar da uban ya mutu, sai ta zama mai cin gashin kanta. In bai bar wasiyya ba, rabonta daidai yake da na 'yan'uwanta maza. Abin da ta gada nata ne, miji ba shi da iko a kai, har ma doka ba ta amince da babbar kyauta tsakanin miji da mata ba, don kada dukiyar gida biyu ta cakuɗe. Sannan su ba miji ke biyan sadaki ba, gidan amarya ne ke kai wa ango dukiya, kuma in aure ya mutu yawanci sai ya mayar. Saboda haka mijin da ya zuba dukiyar matarsa a harkarsa sai ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga mata murya. Duk wanda ya tashi a kasuwa kamar ni ya san wannan karatun: wanda jarinsa ke cikin shago, ba a yi masa tsawa.

Kuma matan sun juya dukiyar ƙwarai. A garin Pompei, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 Miladiyya, an tono wani katafaren gini a bakin dandalin gari wanda wata mata mai suna Yumakiya ta gina da kuɗinta, sunanta na rubuce a jikinsa. Masu sana'ar wankin tufafin ulu har mutum-mutuminta suka kafa don girmamawa. A garin dai, wata Juliya Feliks ta sa an rubuta talla a bango cewa tana ba da hayar gidan wanka da shaguna da ɗakunan sama na tsawon shekara 5. Domitiya Lusila, uwar Sarki Markus Aureliyus, tana da wuraren gasa jan bulo, kuma har yau ana samun bulo mai hatimin sunanta. Terentiya, matar shahararren lauya Sisero, ita ke kula da dukiyarta, kuma cikin abin da ta shigo da shi gidan aure har da gidajen haya a Roma. A Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, an samu sassaƙen wata mata a bayan teburinta tana sayar da kaji da kayan lambu, da kabarin wata ungozoma da aka sassaƙa tana karɓar haihuwa.

To ina aka taka musu birki? Na farko, doka ta ce mace ko ta girma sai da waliyyi namiji zai amince kafin ta sayar da gona ko ta 'yanta bawa ko ta yi wasiyya. Hujjarsu wai hankalin mace ba ya zama wuri guda. Abin dariya, Gayus, wani masanin shari'arsu na ƙarni na 2 Miladiyya, da kansa ya rubuta cewa bai ga ƙwaƙƙwaran dalili a wannan hujja ba, tunda mata na gudanar da harkokinsu, waliyyin sau da yawa amincewar baka kawai yake yi. Sarki Agustus ma ya cire wa mace waliyyi in ta haifi 'ya'ya 3, ko 4 in 'yantacciyar baiwa ce. Ku lura, da haihuwa ta sayi wannan 'yanci, don daula na neman 'ya'ya. Daga baya kuma majalisar dattawa ta hana mace tsaya wa wani a kan bashi.

Babban birkin shi ne siyasa. Mace ba ta jefa ƙuri'a, ba ta riƙe muƙamin mulki, ba ta zama a majalisa. In tana da ƙorafi sai dai titi. A shekarar 215 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Hanibal na Kartaj ya matsa wa Rumawa da yaƙi, an kafa dokar Opiya wadda ta hana mace mallakar zinariya fiye da rabin oza, da sa tufafi masu launi-launi, da hawa keken doki a cikin gari. Yaƙi ya ƙare, doka ba ta tashi ba. A shekarar 195 kafin Miladiyya mata suka fito suka cika hanyoyin da ke shiga dandalin birni suna tare maza. Kato, wanda ke ɗaya daga cikin shugabannin ƙasa biyu a shekarar, ya yi ta kashedin cewa in aka sakar musu wannan gobe za su hau kan maza. Matan suka je suka yi dafifi a ƙofar jami'ai biyun da suka hana a soke dokar, har suka janye. Aka soke ta bayan shekara 20.

Wanda ya fi burge ni shi ne na shekarar 42 kafin Miladiyya. Manyan mutane uku da suka riƙe mulki, Oktabiyan da Antoniyus da Lepidus, suna neman kuɗin yaƙin basasa, sai suka ɗora haraji a kan mata 1,400 mafi arziki. Matan suka fara bi ta hannun matan gidajen shugabannin, amma Fulbiya matar Antoniyus ta kore su. Sai suka nufi dandali, Hortensiya 'yar wani babban lauya ta yi magana a madadinsu. Kamar yadda marubucin tarihi Apiyan ya kawo, cewa ta yi don me za su biya haraji alhali ba su da rabo a muƙami ko mulki? In abokan gaba ne daga waje za su bayar, amma ba za su ba da kuɗin da Rumawa za su kashe juna ba. Washegari aka rage adadin zuwa 400. Ta yi nasara, amma ba a ba ta kujera ba.

Wani zai ce, to matan fada fa? Gaskiya ne Libiya matar Agustus ta yi ƙarfi ƙwarai, haka ma Agiripina uwar Sarki Nero. Sai dai ƙarfin nasu aro ne daga miji ko ɗa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Marubuci Tasitus ya ce Agiripina a bayan labule take tsayawa ta saurari zaman majalisa. A shekarar 59 Miladiyya ɗan nata ya sa aka kashe ta. Juliya kuwa, 'yar Agustus ta cikinsa, uban ne ya kore ta zuwa wani tsibiri bisa zargin zina. A dokar da shi ya kafa, matar da aka kama tana asarar rabin dukiyar aurenta da sulusin abin da ta mallaka, alhali miji in ya nemi baiwarsa ba laifi ba ne.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda tarihi ya fi mantawa da su, wato bayi mata. Baiwa ba ta da aure a idon doka, abin da ta haifa na ubangidanta ne, in ya ga dama ya sayar. Duk maganar gado da haya da zanga-zangar zinariya ba da ita ake ba. Abu guda da ya haɗa baiwa da 'yar sarauta shi ne haɗarin haihuwa. Juliya 'yar Juliyus Kaisar wajen haihuwa ta rasu a shekarar 54 kafin Miladiyya, Tuliya 'yar Sisero ma ta rasu a shekarar 45 jim kaɗan bayan ta haihu.

Saboda haka jama'a, in wani ya ce muku matan Rumawa sun ji daɗi ko sun sha wuya, ku tambaye shi wace daga ciki. Dokar gado da ta sa dukiya a hannun mace ta yi mata abin da yabon mawaƙa bai yi mata ba, ta ba ta bakin magana a gida da kasuwa. Amma tunda maza kaɗai ke zama su yi doka, rana guda suna iya taɓa zinariyarta ko su ɗora mata haraji ba tare da an ji ta bakinta ba, sai dai ta fito titi bayan an riga an yanke hukunci. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna Rum da shi, ba tsayin gine-ginenta ba.