Baba Ya Yi Wuya A Birnin Dabo

Da sunan Allah. Bayan haka, duk wanda ya hau Goron Dutse yau ya duba ƙasa, ba abin da zai gani sai rufin gidaje. Da kuwa gonaki ne a nan cikin badala. Kamar yadda gonakin nan suka tafi, haka baba ya yi wuyar gani a ƙasar Kano, watau ɗan itacen nan mai ƙananan furanni jajaye, dangin wake da gyaɗa, wanda ake yin shuni da ganyensa.

Shi ya ɗaukaka sunan Kano. Akan yanke shi, a daka, a dunƙule, a shanya, sa'an nan marina su zuba a karofi tare da toka. Da shi turkudin Kura ya kai Azbin. Sa'ad da Barth, Baturen Jamus, ya zo Kano cikin 1851, ya iske saƙa da rini su ne gishirin arzikin birnin. Har gobe mai dukiya shi ake kira mai hannu da shuni.

Cikin 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha. Daga nan noman baba ya yi ta ja da baya.

Baba ba ya cin ƙasa, saiwarsa ma ƙarfi take ƙara wa gona. Ya kamata masu unguwa da makarantun Goron Dutse su keɓe ɗan fili su shuka shi, Ma'aikatar Gona ta tanadi iri, marinan Ƙofar Mata su saya. Ran da irinsa ya ɓace, karofi ya zama rami kawai. Allah ya sa a gane, amin.