Ina littafin kuɗin garinmu?

Ɗan'uwa mai zaɓe, ƴar'uwa mai zaɓe, na Ƙonni da Madarumfa, na Ɗan Isa da Matamai da Magarya, da duk wanda gonarsa ke Nijar kasuwarsa ke Najeriya.

Ka laluba aljihunka. In kai mai cin kasuwa ne, ba za ka rasa guntun tikiti ba. Ka kai akuya an yanka maka tikiti. Ka shimfiɗa tabarma ka kasa albasa an yanka maka. Mai mota ya tsaya tasha ya biya, mahauci ya biya kafin ya sa wuƙa, mai amalanke ya biya, mai kabu-kabu ya biya. Ke mai tuyar ƙosai, ke ma ba a ƙyale ki ba. Shekara ta zagayo, maigari ya bi gida gida ya karɓi lamho. Duk wannan kuɗi sunansa kuɗin ƙaramar hukuma, kuma kowace dala da ta shiga akwai littafin da ya kamata a rubuta ta. Tambayata guda ce. Ka taɓa ganin littafin nan? Ka san wanda ya taɓa ganin sa a garinku, in ka cire magajin gari da mai ajiyar kuɗi?

Ni aikina a jam'iyya fassara ne. Ana ba ni takarda da Faransanci in maida ta Hausa. Ban yi jami'a ba, a lise na tsaya, amma aikin nan ya sa na karanta dokokin da aka rubuta domin ku, waɗanda ba a taɓa karanta muku ba. Bari in faɗa muku abin da ke ciki.

Kundin tsarin mulki na Jamhuriya ta bakwai, na 25 ga Nuwamba 2010, a aya ta 31, ya ba kowane mutum haƙƙin a sanar da shi, da haƙƙin ya samu bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati. Bayan watanni uku, ran 23 ga Fabrairu 2011, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar Salu Jibo ta fitar da doka mai lamba 2011-22 a kan samun bayanai da takardun hukuma. Dokar ta ware abin da za a iya hana ka, kamar sirrin tsaron ƙasa da sirrin rayuwar wani mutum. In an hana ka abin da bai cikin waɗannan, dokar ta tanadi inda za a kai kuka, wato ofishin Mai shiga tsakani na ƙasa. Sannan ga dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010. Ita ta ce zaman majalisar kansiloli a buɗe yake ga jama'a, mai talla da manomi suna iya shiga su zauna su saurara, sai fa in majalisar ce ta yanke a rufe ƙofa a kan wata magana.

To ka gaya mini, kuɗin rumfar kasuwa sirrin tsaron ƙasa ne? Kuɗin gyaran rijiya sirrin soja ne?

Ka lura da kwanan watan. An sa hannu a dokar nan kafin Shugaba Mahamadu Isufu ya hau mulki a watan Afrilu 2011. Ma'ana, PNDS Tarayya ta tarar da ita a kan tebur, ba ita ta wahala ta rubuta ba. Aikin da ya rage mata shi ne ta sa a yi aiki da ita har cikin ƙauye. A 2020 kusan shekara goma ke nan. Je ka meri ta garinku ka ambaci lambar dokar, ka dubi fuskar wanda ke zaune a biro.

Ni na gwada. Kawuna yana da gona a bakin gari, gadon kakanmu. Wata rana ya wayi gari ya tarar an kakkafa duwatsun siminti a ciki, aka ce an yanka filaye. An ba shi ƴan kaɗan a matsayin diyya, aka ce sauran na meri ne. Bai yi gardama a kan yankan ba. Abin da ya nema shi ne ya san filaye nawa suka fito daga gonarsa, da wane zama ne kansiloli suka amince da haka, da nawa aka sayar da kowane ɗaya. Na raka shi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don ba mutum ɗaya nake nufi da wannan takarda ba.

Zuwan farko aka ce babban sakatare ya tafi taro Yamai. Zuwa na biyu sakatare na nan, mai makullin kabad ne ya tafi jana'iza. Na uku aka ce mu rubuta takardar neman izini da Faransanci. Na zauna a kan benci na rubuta nan take, na miƙa. Na ce a buga mini hatimi a kwafina don shaidar an karɓa. Sai mutumin ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce: "Malam, wa ya turo ka? Kai ɗan wace jam'iyya ne?" Kawuna, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya kama hannun rigata ya ce: "Ɗana, mu tafi, kar su ƙwace ɗan abin da suka ba mu." Muka tafi. Yau gidajen bene ne a wurin da muke noma gero, kuma kowa a gari ya san masu su. Takarda ce kawai ba a gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai a ranar ba hanawar ba ce. Tsoron da na gani a idon tsohon nan ne. An koya wa talaka cewa tambaya rashin kunya ce, meri kuma gidan wani ne da ake shiga da sallama a fita da godiya. Alhali da kuɗin lamhonsa aka sayi kujerar da ake zaune a kai ana korar sa.

Ga takardun da ke cikin kowace meri, ka riƙe sunayensu. Akwai kasafin kuɗi na shekara, wanda a 2020 kansiloli ke kaɗa wa ƙuri'a: me ake sa ran samu, me za a kashe. Akwai lissafin ƙarshen shekara na magajin gari, da na mai ajiyar kuɗi, waɗanda ke nuna abin da ya shigo da gaske da abin da ya fita. Wannan na biyun ya fi na farko muhimmanci, don kasafi alkawari ne, lissafin ƙarshe kuwa shi ke tona asiri. A kasafi za ka ga an rubuta aji uku da rijiya biyu. A lissafin ƙarshe za ka ga ko man mota da kuɗin zama da tafiye-tafiye sun cinye su. Akwai rubutaccen bayanin kowane zaman majalisa. Akwai tsarin raya ƙaramar hukuma na shekaru, wanda masu faransanci ke kira PDC. Akwai takardun kwangila: wa aka ba, nawa, yaushe zai gama. Akwai kuma takardun kwamitin filaye, Kofo, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993, inda ake rubuta gonaki da burtali da makiyaya da mashaya. Rigimar manomi da makiyayi da yawa da an kashe ta tun tana ƙarama in da kowa na iya zuwa ya ga inda burtali ya bi a rubuce.

Kuma kar a ce maka ai meri ba ta da komai sai ɗan tikitin kasuwa. Akwai kuɗin da ke zuwa daga sama ta hannun hukumar ANFICT, wadda aka kafa don tallafa wa ƙananan hukumomi. Akwai na ƙungiyoyin agaji da ke gina aji da famfo. A 2016 gwamnati ta ce ta miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Madalla. In an miƙa aikin da kuɗinsa, a nuna mana kuɗin. In an miƙa aikin babu kuɗi, magajin gari ya fito da takarda ya nuna, mu san Yamai ce ta yi mana wayo, mu daina zagin sa a banza. Ɓoye takarda ba ya kare magajin gari mai gaskiya. Ɓarawo kaɗai yake karewa.

Mu na bakin iyaka mun fi kowa buƙatar wannan lissafi. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta. Ka san yadda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta koma, da ta Ƙonni zuwa Illela, da ta Matamai zuwa Kwangwalam. Wake ya yi kwantai, dabba ta faɗi, ƴan dako da direbobi sun zauna. In ka tambayi dalilin da ba a yi aiki a gari ba, amsa a shirye take: an rufe boda, kuɗi ba sa shigowa. Ƙila gaskiya ne. To a kawo lissafin 2018, lokacin da boda ke buɗe manyan motoci na jere, a ajiye shi kusa da na 2019 da na 2020. Mu ga nawa aka rasa. Mu ga kuma me aka yi da kuɗin a shekarun da kasuwa ke ci. Mai tikiti dai bai daina zagayawa ba ko rana ɗaya, kai shaida ne.

Me ya sa suka saba da rashin ba da lissafi? Saboda an ɗauke musu ranar hisabi. Kansilolin da ke kan kujera a 2020 an zaɓe su ne a watan Janairu 2011, wa'adinsu shekara biyar. A 2016 ya kamata su dawo gabanka. Ba a yi zaɓen ba. Aka yi ta ƙara musu wa'adi daga Yamai, har biyar ta kusa zama goma. Yaron da ke aji uku a firamare lokacin da aka zaɓe su, a 2020 shi ma ya zama mai zaɓe. Wanda ya san takardar minista ce ke riƙe da shi a kujera, ba ƙuri'arka ba, wa zai ji tsoro? A wasu wurare an tsige magadan gari a taron ministoci, an ce sun yi almundahana. A Yamai kanta an rusa majalisar birni a 2017 aka naɗa kwamitin riƙo. Amma ko da aka tsige, an zo an karanta wa mutanen garin rahoton masu bincike? Kuɗinsu ne aka ce an ci, su ne kuma na ƙarshen ji.

Halin ƙasa daga sama ya gangaro. A farkon 2020 kun ji binciken sayen makamai na ma'aikatar tsaro, inda aka yi maganar miliyar 76 na sefa, a lokacin da ake binne sojojinmu na Inates da Shinagodar. Wanda ya ga yadda manya suka yi da wannan, ba zai ji kunyar ɓoye littafin tikitin kasuwa ba.

Za su ce maka mutanenmu ba su yi lakwal ba, ko an ba su takarda ba za su gane ba. Wannan magana tana ba ni dariya. Matar da ke juya naira zuwa sefa a ka, tana cire riba kafin mai kalkuleta ya gama danna lamba, ita ce ba za ta gane an samu miliyan kaza an kashe miliyan kaza ba? Dillalin shanu da ke riƙe bashin mutum ashirin a zuci? Faransanci ne ba su ji, ba lissafi ba. Ni na fassara kasafin kuɗi, shafi biyu na Hausa sun ɗauke abin da ke da amfani a ciki. Akwai rediyon karkara, akwai masu karatun ajami a kowace unguwa, akwai ɗalibai a kowane gida. Lokacin kamfe kowace jam'iyya tana jin Hausa sarai. Sai an zo lissafi harshe ke juyewa.

Ga abin da ƴan takararmu suka ɗauka, kuma na rubuta shi nan don ka ajiye takardar ka kama mu da ita. A duk ƙaramar hukumar da kuka ba mu rinjaye, za a manna kasafin kuɗi da lissafin ƙarshen shekara a bangon meri da bakin babbar kasuwa, da Faransanci da Hausa, a kuma karanta su a rediyo. Za a yi shelar ranar zaman majalisa mako guda kafin a zauna. Duk filin da aka yanka, za a manna yawansa da farashinsa. Kuɗin da kowace kasuwa ta tara za a rubuta a allo duk wata. Wanda ya kawo takardar tambaya za a buga masa hatimi a kwafinsa, ba za a tambaye shi jam'iyyarsa ba.

Na san abin da ke ranka: su ma in sun hau haka za su yi. Ba zan rantse maka a kan zuciyar kowa ba, ɗan siyasa ɗan Adam ne, namu da nasu. Shi ya sa nake cewa kar ka jira. Ku haɗu ku uku ko biyar, kar mutum ya je shi kaɗai. Ku sa ɗalibi ya rubuta tambayar a takarda biyu, a faɗi sunan takardar da ake so da shekararta, a ambaci doka 2011-22. Ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗayar. Ku riƙe kuɗin fotokopi. In an hana, ku ce a rubuta muku dalili. In an ƙi, ku kai wa perfe, ku kai rediyo. Ku yi haka ko magajin garin namu ne.

Ran Lahadi 13 ga Disamba 2020 ne zaɓen kansiloli, mako biyu kafin na shugaban ƙasa da ƴan majalisa na 27 ga wata. Kar ka raina na farkon. Kansilolin da ka zaɓa su ne za su zaɓi magajin gari, shi kuma shi ke riƙe makullin kabad ɗin nan. Kafin ranar, masu neman komawa kujera za su zo ƙofar gidanka da atamfa da sabulu da sukari. Ka yi musu shimfiɗa, ka ba su ruwa, sannan ka ce su nuna maka lissafin 2019. Ka nemo katin zaɓenka tun yau, ka nemo na iyalinka, kuma in kana da ɗan'uwa da ke ci-rani a Katsina ko Sakkwato ko Kano, ka buga masa waya ya dawo gida kafin 13 ga wata.