Kada babbar lamba ta ruɗe ka wajen sayen tabaron hangen nesa

Duk wanda ya yi niyyar zuwa kallon tsuntsaye a dausayin Haɗejiya da Nguru lokacin hunturu, ko ganin giwaye a Yankari, zai tarar da tabaron hangen nesa iri-iri a kasuwa, kuma mai shago zai fara miƙo masa wanda aka rubuta wa 20x50, ya ce shi ne mai ƙarfi. A ganina, wanda kuɗinsa ba su da yawa 8x42 ya kamata ya nema. Lambar farko tana nuna sau nawa tabaron ke kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Matsalar ita ce, abin da ya ƙara girman tsuntsu sau 20 haka zai ƙara rawar hannunka sau 20, ga filin da kake gani ya tsuke, ga hoton ya dushe. Kirinjijiya kuwa ba ta jira. Kafin ka lalubo ta cikin kacalla ta tashi. Dushewar hoton ma matsala ce, domin da asuba da gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci, tsuntsaye da namun daji suka fi fitowa.

Wani zai ce dabba a fili takan yi nisa, sau 8 bai isa ba. Akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa 10x42 ma ba laifi ga mai tsayayyen hannu. Abin da ya wuce haka sai da sandar ɗorawa, wato ƙarin kuɗi da ƙarin kaya. Wani kuma zai ce kyamarar waya ta wadatar, amma yawancin wayoyi hoton kawai suke buɗawa har ya dagule, ba za ka bambance zalɓe da shamuwa daga ƙetaren ruwa ba.

Rarar kuɗin gara a sa ta a inganci. A nemi wanda aka toshe ruwa ba ya shiga, domin toshewar ce ke hana ƙurar hunturu kwanciya a ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Kafin ka biya, fito ƙofar shago ka saita shi kan hasumiyar masallaci mai nisa na minti guda. In ka ga hasumiya biyu, ko idanunka suka fara ciwo, gilasan ciki sun goce, ka mayar masa da kayansa ko nawa ya rage maka.