Kimiyya a Sauƙaƙe: Fitilar da ke ciyar da murjani

A wannan makon za mu bar tudu mu shiga teku, amma tekun da aka ɗura a cikin akwatin gilashi.

A ƙasashe irin su Amurka, Jamus da Japan, akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne ajiye ɗan yankin teku a falo. Sukan cika akwatin gilashi da ruwan gishiri, su zuba kifaye masu launi, su jera murjani mai rai. Sunan wannan akwati akwariyom. Cikin kayan da mai shi zai saya, fitila tana daga cikin mafiya tsada, kuma idan ya zaɓi wadda ba ta dace ba, murjanin yana iya mutuwa cikin 'yan makonni. To, me ya haɗa ran murjani da fitila?

Da farko, murjani dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse ko fure. Ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki da ke zaune a haɗe, dubbai a wuri ɗaya, suna gina wa kansu gida mai tauri da sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Waɗannan gidajen ne ke taruwa cikin dubban shekaru su zama tudun murjani, kamar na gabar Ostiraliya mai tsawon kilomita 2,300, ko na Sanganeb da ke Bahar Maliya kusa da gabar Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.

A cikin naman wannan dabba akwai baƙi. Wata irin gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya, masana suna kiranta zuzantela. Kun tuna darasin fotosintesis a ajin bayoloji? Shi wannan gansakuka take yi: tana haɗa haske da ruwa da iskar kabon ta samar da sukari, ta ba maigidanta. Murjanin kuma yana ba ta mafaka da abubuwan da jikinsa ke fitarwa, waɗanda a wurinta taki ne. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. A wasu nau'o'in, wajen kashi 90 cikin 100 na abincin murjani daga wannan baƙuwa yake fitowa. Saboda haka fitilar da ke saman akwatin ita ce tukunyar abincin gidan. (Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani nau'i ne daban, na Bahar Rum. Ba shi da gansakukar, don haka yana rayuwa a wurare masu duhu.)

Mai zaɓen fitila yana da tambayoyi uku da zai amsa.

Ta farko ita ce launi. Hasken rana da muke gani fari, launukan bakan gizo ne a gauraye. Idan ya shiga teku, ruwa yakan fara shanye ja tun a mitoci kaɗan na sama, sai ruwan lemo, sai rawaya. Shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Gansakukar murjani ta saba da wannan shuɗin, mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 zuwa 500, kuma da shi ta fi yin aiki. Shi ya sa za ku ga akwatunan murjani suna haske shuɗi-shuɗi. A jikin kwalin fitila ana rubuta launinta da ma'aunin Kelvin. Tsohon ƙwan lantarki mai jan haske yana wajen 2,700, ranar tsaka tana wajen 5,500, amma na murjani ana neman 10,000 zuwa 20,000. Fitilar ɗaki, komai kyan haskenta a idonmu, ba da murjani a zuciya aka ƙera ta ba.

Ta biyu ita ce ƙarfi. A nan ido yakan yaudari mutum, domin idon ɗan Adam ya fi jin kore da rawaya, kuma yakan ga shuɗi kamar ba shi da ƙarfi alhali yana da shi. Don haka masu kiwon suna amfani da wata na'ura da ake tsomawa cikin ruwa, mai auna yawan hasken da ake iya yin fotosintesis da shi, wanda ake taƙaitawa da PAR. Da tsakar rana a ƙasashe masu zafi, na'urar tana nuna wajen 2,000 a saman ruwa. Murjani mai taushi yakan wadatu da 50 zuwa 150. Mai tauri mai ƙananan rassa, irin wanda ake kira Akurofora, yana son 200 zuwa 400. Ke nan sai mutum ya san irin murjanin da zai ajiye kafin ya je kanti. Haka kuma haske yana raguwa yayin da ake nisa da fitila, shi ya sa ake ɗora masu son haske a saman duwatsu, a ajiye masu son inuwa a ƙasa.

Kada ku ɗauka yawan haske shi ne alheri. Idan ya wuce kima, gansakukar takan fara fitar da sinadarai masu cutar da maigidanta, shi kuma sai ya kore ta. Da ta fita, launin ya tafi, murjanin ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Abin da ya faru ke nan a tudun murjanin Ostiraliya a 1998, 2016, 2017 da 2024, lokacin da zafin ruwa ya haɗu da ƙarfin rana. Ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa. Saboda haka sabon murjani a akwati, da haske kaɗan ake fara masa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni. Ana kuma haɗa fitilar da agogon da ke kunna ta da kashe ta, ta yi awa 8 zuwa 12 a rana, domin murjani ma yana bukatar dare.

Ta uku ita ce irin fitilar. Akwai metal halaid, mai ƙarfi ƙwarai, mai cin wat 150, 250 ko 400, amma tana ɗumama ruwa. Akwai doguwar fitila siririya mai suna T5, wadda ke baza haske daidai ko'ina, sai dai ana canja ƙwanta kusan kowace shekara, don haskenta yana rauni tun kafin ta mutu. Sai kuma LED, wadda ta fi yaɗuwa yanzu: tana daɗewa, ba ta cika zafi ba, kuma ana iya rage ta ko ƙara ta. Shuɗiyar LED ɗin da ta sa haka ta yiwu, masana uku 'yan asalin Japan ne suka ƙirƙiro ta, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kuma saboda ita aka ba su kyautar Nobel ta fizis a 2014.

Mu ɗan yi lissafi. Fitila mai wat 250 da ke aiki awa 10 a rana tana cin yunit 2.5 na wuta, wato yunit 75 a wata. LED mai wat 90 tana cin yunit 27 a wata. Ga kuma batun zafi: murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27. A gari irin Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa, fitila mai zafi ƙarin wahala ce. Duk wanda ke mafarkin irin wannan akwati a nan, sai ya fara tanadin tsayayyiyar wuta da na'urar sanyaya ruwa. Ya kuma nemi murjanin da aka raina a gonakin ruwa, kada ya sayi wanda aka ɓalle daga teku.

Ga aikin gida. Ku rufe bakin tocila da shuɗiyar leda ninki biyu ko uku, ku shiga ɗaki mai duhu, ku haska jan tumatir da farar takarda. Ku lura da launin da kowanne ya koma, sannan ku yi tunani: me ya sa wasu daga cikin kifayen da ke zaune can cikin zurfin teku suke da jan jiki? Ku tattauna da malaminku na kimiyya, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.