Uban Daba Ya Zana Taswira, Gwamnati Ta Gina

Akwai wani yabo da ake yi wa fim ɗin The Long Good Friday wanda ya kamata a daina. Duk inda aka ta da zancensa, sai ka ji an ce fim ne mai hangen nesa, wai ya hango dogayen benayen Canary Wharf tun ba a kafa tubalinsu ba. Masu faɗin haka gani suke yi sun karrama fim ɗin. Mu kuwa muna ganin sun zare masa haƙora ne. Fim ɗin ƙara ya shigar, su kuma sun mai da shi ɗan duba.

Ga wanda bai kalla ba, ga labarin a taƙaice. An ɗauki fim ɗin a Landan a 1979, aka fara nuna shi a 1980. John Mackenzie ne ya ba da umarni, Barrie Keeffe ya rubuta. Bob Hoskins ya fito a matsayin Harold Shand, uban dabar da ya riƙe Landan shekara goma ba tare da wani ya ɗaga masa yatsa ba, Helen Mirren kuma ta fito a matsayin Victoria, abokiyar zamansa mai gyara masa ɓarna. Harold ya gaji da sunan ɗan daba, yana so a kira shi ɗan kasuwa. Shirinsa shi ne ya mallake tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na gabashin Landan, waɗanda suka zama kufai, ya cika su da gine-gine da kuɗin 'yan Mafiya na Amurka, da fatan a yi gasar Olamfik ta 1988 a wurin. A ranar da baƙinsa suka iso, ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, sai bama-bamai suka fara tashi a motarsa da mashayarsa, aka kuma daɓa wa amininsa wuƙa. Ya kamo shugabannin dabobin gari ya rataye su kai ƙasa a mayanka yana neman mai hannu a ciki. Ashe ƙungiyar IRA ce ya taka wa wutsiya bai sani ba. Amurkawa suka tattara nasu ya nasu, shi kuma fim ya ƙare da fuskarsa a kujerar bayan mota, bakin bindiga na kallonsa.

To, ina hangen nesan? Keeffe ɗan gabashin Landan ne, ya kuma yi aikin jarida a Stratford Express. Abin da ya sa a bakin Harold zance ne da ake yi a ofisoshi a lokacin. A 1979 ɗin nan, majalisar birnin Landan ƙarƙashin Horace Cutler ta sa an yi nazarin yiwuwar karɓar Olamfik ta 1988 a yankin tashoshin. Tashar East India an rufe ta tun 1967, ta Surrey a 1970, sauran kuma suna kan gargara. Kowa ya san ga fili nan ɓagas a gefen cibiyar hada-hadar kuɗi ta Turai. Wanda ya ga hadari ya haɗu ya ce za a yi ruwa, ba a ce masa boka.

Abin da Keeffe ya yi ya fi duba wuya. Ya ɗauki shirin da manyan mutane ke tattaunawa cikin kwat da laƙataye, ya miƙa shi ga mai kisan kai, sai ga shi shirin ya zauna masa daram, ba sai an rage ko an ƙara ba. Dubi kayan aikin Harold: kansila Harris da ke kawo masa takardun tsare-tsaren gari tun ba a bayyana su ba, ɗan sanda Parky da ke cin albashi biyu, kuɗin ƙetare, da jawabin kishin ƙasa da ya yi a kan jirgin ruwansa, gadar Tower Bridge na bayansa. Abu ɗaya ne babu a lissafinsa, wato mutanen da ke zaune a unguwannin. Ba ya ganinsu, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsu kawai yake gani.

Yanzu a dubi abin da ya biyo baya. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, ta hannun ministanta Michael Heseltine, ta kafa hukumar raya yankin, wadda ake kira LDDC. An ba ta fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 22, aka karɓe ikon amincewa da gine-gine daga zaɓaɓɓun ƙananan hukumomin Tower Hamlets da Newham da Southwark aka damƙa mata. Shugabanninta naɗa su aka yi, babu mazaunin yankin da ya jefa musu ƙuri'a, babu kuma wanda zai iya tsige su da ƙuri'a. A 1982 aka ayyana tsibirin Isle of Dogs a matsayin yankin rangwame, inda masu gini suka samu afuwar harajin gine-gine na shekara goma. Harold sai da ya sayi kansila ɗaya kafin ya samu biyan buƙata. Doka ta zo ta nuna cewa ba sai an sayi kowa ba, ana iya ɗauke ikon daga hannun kansilolin gaba ɗaya.

Kuɗin ƙetaren ma sun zo. Kamfanin Olympia & York na 'yan'uwan Reichmann daga Kanada ya fara ginin Canary Wharf a 1988, shekarar da Harold ya ci wa buri. Benen One Canada Square mai hawa 50 ya kammala a 1991, kamfanin ya durƙushe a 1992, amma daga baya aka ci gaba da ginin. Tun 2015 hukumar zuba jari ta Katar da kamfanin Brookfield ne ke riƙe da wurin. Olamfik ɗin ta iso gabashin Landan a 2012. Ba muna cewa waɗannan mutane 'yan daba ba ne, kuma ba mu ɗora musu laifin da kotu ba ta ɗora musu ba. Abin da muke cewa ya fi haka ɗaci: ba a buƙaci ɗan daba ko ɗaya ba kafin a aiwatar da shirin ɗan daba.

Mutanen da Harold bai gani ba kuwa sun yi magana, ba a dai saurare su ba. A 1983 mazauna Newham suka fitar da nasu tsarin na yadda suke so a yi da tashoshin Royal Docks, aka ture shi aka gina filin jirgin sama na London City, wanda aka buɗe a 1987. A tsakiyar shekarun 1980 sun sha cika jiragen ruwa su bi kogin Thames har gaban majalisar dokoki suna zanga-zanga. A 1986 sun saki tumaki da ƙudan zuma a wajen bikin ƙaddamar da aikin Canary Wharf. Waɗannan jikokin 'yan dakon da suka yi yajin aikin 1889 ne, wanda aka yi a kan sisi a kowace awa. Masu yabon hangen nesa ba sa ambatonsu, domin labarinsu yana ɓata hoton.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce tashoshin sun riga sun mutu kafin Thatcher, kuma gaskiya ne. Za a ce yau sama da mutum dubu ɗari ke aiki a Canary Wharf, ga jirgin ƙasa na DLR tun 1987, ga layin Jubilee tun 1999, a wurin da a da ciyawa ke fitowa ta cikin kwalta. Wannan ma gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai ce a bar kufai ya zauna kufai. Amma tambayar da fim ɗin ya yi tana nan ba a amsa ba: wa aka gina wa? Ɗan dako mai shekara hamsin da aikinsa ya tafi bai wayi gari ya zama ma'aikacin banki ba. Ayyukan sun zo wa waɗanda jirgin ƙasa ke kawowa da safe ya kwashe da yamma. Har yau Tower Hamlets, ƙaramar hukumar da benayen ke tsaye a cikinta, tana cikin wuraren da talaucin yara ya fi tsanani a Birtaniya. Idan ana iya zama a inuwar banki ana kwana da yunwa, to wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne ga mai zaman inuwar.

Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta ba 'yan kallo ba ne a wannan shari'a. Abin da ya kashe tashoshin Landan fasaha ce irin wadda muke alfahari da ita. A 1956 Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Dabarar ita ce a daidaita girman akwati, ta yadda kowane jirgi da kowace mota da kowane injin ɗaga kaya zai karɓe shi ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Duk wanda ya san yadda saƙo ke tafiya a intanet ya gane wannan dabara, ita ce tamu. Aikin da ɗaruruwan 'yan dako ke yi cikin kwanaki ya koma na mutane ƙalilan cikin sa'o'i. Manyan jiragen kwantena ba sa iya hawowa cikin gari, sai kaya suka koma Tilbury da Felixstowe. A filin tsohuwar tashar East India kuwa aka buɗe cibiyar Telehouse a 1990, inda mahaɗar intanet ta LINX ta fara aiki a 1994, mahaɗar da kamfanonin sadarwa daga sassan duniya, har da na Afirka, ke musayar bayanai a cikinta. Tashar ba ta daina karɓar kaya ba. Kayan ne suka sauya, kuma sababbin ba sa buƙatar kafaɗar kowa.

Shi ya sa yabon hangen nesa yake mana daɗi, shi ya sa kuma ya kamata mu yi zarginsa. Idan fim ɗin duba ne, to abin da ya faru ƙaddara ce, babu mai laifi, babu zaɓin da aka yi. Irin zancen da muke yi ke nan duk lokacin da manhajarmu ta share wata sana'a: zamani ne ya zo da shi. Kwantena zamani ne ya zo da ita, mun yarda. Amma ƙwace iko daga zaɓaɓɓu mutane ne suka zauna suka yanke shi. Yafe haraji ga masu gini mutane ne suka sa masa hannu. Ture tsarin mazauna Newham mutane ne masu suna da muƙami suka yi shi. Ana iya yin wani abu dabam, ba a dai so ba.

Kamfanin Lew Grade da ya fara ɗaukar nauyin fim ɗin ya so ya yanke shi ya tura talabijin, har da neman sauya muryar Hoskins, sai da kamfanin HandMade na George Harrison ya saye shi ya cece shi. Waccan yunƙurin kashe fim ɗin da almakashi ne, bai kuma yi nasara ba. Yunƙurin yau da yabo ake yin sa, kuma ya fi wancan haɗari, domin masu yin sa masoya ne. Duk wanda zai kalli fim ɗin a wayarsa, ya bar neman benayen da ba a gina ba tukuna. Ya saurari jawabin Harold da kyau, ya riƙe shi a ka. Ranar da wani ya zo unguwarsu ko kasuwarsu da zanen gine-gine masu ƙyalli, da abokan hulɗa daga waje, da zancen ɗaga martabar gari, sai ya tambaye shi abin da babu wanda ya tambayi Harold a kan jirgin nan: mu da muke zaune a nan, ina wurinmu a cikin zanen?