Baƙin allo: Sana'ar da matashin Tafashiya zai iya farawa da wayarsa

A farkon 2023 aka ƙaddamar da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Kafin shekarar ta ƙare kuma gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT na koya wa mutum miliyan 3 fasahar zamani. To, matasan Tafashiya, Kankiya da Kusada, na'urori sun zo kusa da gida. Wa zai riƙa kula da su?

Manhajoji da dama yanzu cikin kwantena ake gudanar da su, wato wani ɗan ƙunshi da ke ɗauke da manhaja da duk kayan aikinta. Kamar rumfar kasuwa take, a kafa da safe a kwashe da yamma, kuma duk abin da aka bari a ciki ya tafi ke nan. Shi ya sa ake kai bayanai rumbu na daban, wato tarin kwamfutoci da aka haɗa wuri guda. Tsarin Ceph, alal misali, yakan yi wa kowane bayani kwafi uku a na'urori daban-daban, yadda manomi mai lissafi ba ya zuba geronsa duka a rumbu ɗaya.

Mai gadin wannan rumbu ba hotuna yake latsawa kamar a TikTok ba. Baƙin allo ne a gabansa, umarni yake rubutawa. Ya rubuta ceph status, a faɗa masa lafiyar rumbun. Ya rubuta kubectl get pvc, ya ga wurin ajiyar da manhajoji suka nema.

Amma fa aikin ba ya son garaje. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge bayanai a kwamfutar da ba ita ya nufa ba. Kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida. Baƙin allo ba ya cewa "ka tabbata?" a kowane lokaci, shi ya sa kamfanoni ke neman mai nutsuwa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, matakin farko yana aljihunku. Da manhajar Termux a wayar Android za ku iya koyon umarnin Linux, kuma Kubernetes da Ceph duk kyauta ne. Inda gizo ke saƙar shi ne gwaji na gaske, domin sai da kwamfuta, wuta da data.

Nan ne ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada za su iya shigowa: ɗaki ɗaya, sola, da tsoffin kwamfutoci uku sun isa a haɗa ƙaramin rumbun koyo. Kafin nan, ku ware minti talatin daga cikin lokacin hira a soshiyal midiya, ku fara da umarni ɗaya a rana.